Sunan Surukata

Shekara tara ina auren Sofia, ban taɓa kama sunan mahaifiyarta ba. Ni Ilya, ɗan Damagaram, mai sayar da atamfa a unguwar Château Rouge ta babban birnin Faransa, in buɗe baki in kira sunan surukata? Haba! "Mama" nake cewa, shi ke nan.

Ita kuwa marubuciya ce, haifaffiyar tsibirin Guadeloupe, ta zo Faransa tana 'yar shekara ashirin. Littafi bakwai ta rubuta, duk a kan kakanninta da aka kai bauta aka raba su da sunayensu. Shekara talatin tana tonon tsofaffin takardu, har ta gano sunan mutum goma sha ɗaya. Da idonta ya yi rauni, ni nake hawa jirgin ƙasa zuwa Lyon duk Lahadi, in zauna a ɗakinta da ke unguwar Vaulx-en-Velin, tana faɗa ina bugawa. Haka muka gama na bakwai.

Da aka tashi karrama ta a Lyon, ta ce ni zan gabatar da ita. Na rubuta jawabi na karanta mata, Mama nan, Mama can.

Ta cire tabarau. "Ilya, sunana ƙazanta ne a bakinka?"

"Subhanallahi! Kunya ce, Mama. A wurinmu girmamawa ce."

"A wurinmu kuwa, wanda aka ƙi kiran sunansa an shafe shi ne. In ba za ka iya ba, in nemi wani."

Wallahi maganar ta soke ni. Ashe duk shekarun nan ina ba ta girma, ita raini take gani.

Ranar taro na sa babbar riga, zaure ya cika maƙil. Na karanto sunaye goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya, ko tari ba wanda ya yi. Alfahari ya cika ni, ni ne fa surukin wannan mata! Sai na iso inda zan faɗi sunanta. Da innata tana wurin, da ta rufe fuska da mayafi.

Na yi bismilla a zuci, na ce da ƙarfi, "Odile Mériban."

Jama'a suka miƙe suna tafi. Ita ba ta motsa ba. Ta ɗaga hannu har aka yi tsit, sannan ta juyo wajena, hawaye na zubo mata.

"Ɗana, sake faɗa."