Bijimin da Aka Tambaya Ƙwai

Injiniya shi ya raɗa wa kansa sunan. Tun da kamfaninsu ya rufe yake zaman gida, surukinsa kuwa, likitan dabbobi, in sun gaisa sai ya bi wayar hannunsa da kallo. Wannan kallon yana ci masa rai. Don haka ranar da ya ji tsohon yana kukan marasa lafiyarsa sun yi masa yawa, ya yi caraf ya ce zai gina wa asibitin shafin intanet. Likita ya ce in abin ya yi aiki, akwai kujera a ofis.

Firemwok ya ɗauko, wato ginannen tsarin da ake ɗora shafi a kai. Darasin farko na koyon sa ya ce a dakata, a fara sanin yadda ake zana samfuri guda, a ce Dabba, a ba shi abin da kowace dabba ke da shi, sannan kaza da sa su gaji wannan, kowa ya ƙara nasa. Injiniya ya yi tsaki ya tsallake. Shi da zai yi gini, wa zai zaunar da shi koyon bulo?

Matarsa ta leƙo ta bayan kafaɗarsa. "Ka gama na farkon kuwa?"

"Na yara ne."

Ta taɓe baki ta koma wankinta.

Da kaza ya fara, don ita ce a saman katunan asibitin. Ta yi kyau, har da gurbin ƙwai. Da ya zo kan akuya sai ƙyuya ta ba shi shawara: tunda kaza tana aiki, akuya ta gaje ta mana. Ya gwada, suna ya fito, shekaru suka fito, bai gangara ƙasan shafin ba. Haka ya yi wa tunkiya, da kare, da sa. Duk dabbar asibitin ta zama jikar kaza.

Ranar gwaji ya sa rigarsa ta ɗaurin aure. Ɗakin yana warin maganin kashe ƙwari, kuma ga wani mai shanu zaune, ya kawo bijiminsa mai ɗingishi. Likita ya gyara tabarau ya shigar da bayanan bijimin da yatsa ɗaya. Ya danna ajiye. Shafin ya ƙi, ya fito da jan rubutu: Ƙwai nawa ya saka yau?

Mai shanu ya miƙo wuya ya karanta a bayyane. Ya dubi Likita, ya leƙa taga wajen bijiminsa, kamar mai son tabbatarwa.

"Likita, ko akwai abin da ba ku gaya mini ba?"

Likita ya gangara ƙasan shafin. Shafin yana kuma son sanin launin fuka-fuki. Injiniya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kujera ta tafi, yanzu abin da ya rage shi ne a kira shi maƙaryaci a gaban baƙo.

Tsohon ya daɗe yana kallon jan rubutun. Sai ya sa yatsa ya danna sifili, shafin ya karɓa.

"Ɗana ne yake gina mana," ya ce wa mai shanu. "Bai gama ba tukuna. Mu je mu ga ƙafar."