Shirun Ɗakin Anselm

Shekara talatin ina ɗaukar wa Lyle sauti, tun yana yawo da kyamarar aro a titunan Toronto. Fim goma sha huɗu muka yi tare, amma duk inda aka gayyace shi, na farkon ake tambaya, wanda ya yi a kan Anselm, saurayin da ya so, ya yi jinyarsa har cutar ƙanjamau ta ɗauke shi.

Yau ma daga wani taron karrama fim ɗin muka dawo ofis. Ya jefar da lambar yabon da aka ba shi a kan kujera, ya tuɓe takalmi.

"Ke Dolores, sai ka ce tun daga wancan fim ɗin barci nake yi. Na gaji da zama gwauron da ake tafa wa."

"To daina zuwa mana, tsoho. Wa ya ɗaure ka?"

Can ya ce, "Saka mini shirun nan."

A sana'armu, in an gama hira, kowa kan yi tsit na minti ɗaya a ɗauki sautin ɗakin, don cike giɓi wajen haɗa fim. Na kunna na ɗakin Anselm. Firji na gurnani, wata mota ta wuce, sai numfashin Anselm, yana danne dariya saboda Lyle ya harare shi.

Da ya ƙare, Lyle ya murza ido.

"Wata biyu suka rage masa a duniya, Dolores, ni kuwa na ce ya yi mini shiru."