Waken Gadon Sammani

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, shi ya shaƙe Sammani, manomin rani a gefen Bunkure.

Sammani yana da wani farin wake da ya gada daga kakansa, irin yana ajiye cikin tulu a rumbu. Duk shekarar da funfuna ta ruɓar da waken mutane a bakin kwatar ban ruwa, nasa sai ya tsaya kore shar. Labari ya kai wurin wata mai binciken tsirrai, Malama Nafisat, ta karɓi ɗan kaɗan ta tafi. Da ta dawo ta ce masa a cikin ƙwayar akwai wani sinadari da waken yake kare kansa da shi, yana kashe funfuna, kuma da suka gwada a kwalba ya taɓa ƙwayoyin ciwon daji.

"Amma Baba, a kwalba na ce. Bai zama magani ba tukuna, aikin shekaru ne. Ka dai riƙe irin."

Kunne ya ji, zuciya ta zaɓi abin da take so. Matarsa Saude tana fama da dajin mama, ana kai ta asibiti a Kano, kullum ta dawo tana amai, gashinta yana zuba. Sammani ya ce an gama zuwa asibiti, waken nan za ta sha.

Ƙaninsa Badamasi ya tare shi a ƙofar rumbu. "Yaya, iri za ka dafa? Ko a shekarar yunwa Babanmu bai taɓa tulun nan ba."

"Kai da likitocin naka ku ci allurarku. Magani yana rumbuna, in tafi bara?"

Aka jiƙa, aka daka, aka dama. Saude tana sha tana cewa, "Malam, kunun nan ba ya kaiwa inda ciwon yake." Ya ce ta ƙara haƙuri. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho. Ranar da tulu ya ƙare aka mayar da ita asibiti, likita ya duba ya ce an makara.

Saude ta rasu kafin a saki ruwan rani. Irin da kaka ya riƙe, uba ya riƙe, ko ƙwaya ba ta rage a gidan ba. Waken kasuwa da ya shuka, funfuna ta kwantar da shi kwami bayan kwami. Badamasi kuwa gaisuwa kaɗai ke haɗa su.