Jinin Daudu

Sa'adiyya ta sake leƙa ɗakin gwaji, karo na huɗu ke nan. Mahaifiyarsu, Inno, tana kwance a asibiti tun jiya, gyambon ciki ya zubar mata da jini. Likita ya ce a samo jini leda ɗaya kafin la'asar, kuma a nan dangi ke bayarwa. Ita cikinta wata bakwai, ba za a ɗebi nata ba. Saura yayanta Daudu.

Yana kan benci, ƙafarsa sai rawa take. Tun jiya da aka ɗauko Inno daga Roni zuwa Kazaure bai tsira wa kansa allurar mayen da ya saba ba, gumi kawai yake tsiyaya. Ya yi wanka, har da farar riga.

"Ke zauna mana, kina juya min kai," ya ce. "Yau dai Inno za ta ga ranata."

Ma'aikacin gwaji ya kira su ciki, ya rage murya.

"Jininka da na mahaifiyarka ya zo ɗaya, Malam. Amma naka akwai ciwon hanta. Allura kake yi?"

Daudu ya rufe gwiwar hannunsa da tafi.

"Ba za mu saka mata ba. Kai ma magani kake buƙata, mai tsawo, kuma ba arha."

Sa'adiyya ba ta tsaya jin sauran ba. Ta tari Keke Napep zuwa kasuwa, ta cire 'yan kunnenta na zinari da ta ajiye don ranar haihuwa. Da kuɗin ta ɗauko wani ƙato daga cikin samarin da ke zama a bakin asibiti suna sayar da jininsu.

Bayan la'asar Inno ta buɗe ido. Ta bi siririn tiyon da kallo har zuwa ledar da ke rataye, sannan ta hango farar riga a bakin ƙofa.

"Na Daudu ne?" ta tambaya, fuskarta ta ɗan saki.

Sa'adiyya ta buɗe baki za ta ce e.

"Ba nawa ba ne, Inno," ya ce. Ya juyo wajen ƙanwarsa. "A ina ake yankar katin ganin likita?"

Ta kai hannu kunnenta, ta shafa. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta dafe baya.

"Taho, Yaya, in nuna maka."