Idanun Saniyar Sawako

Sawako ta sauka daga jirgin ƙasa a tashar Tsuruhashi tara saura kwata, alhali ƙarfe goma Malam Kuramochi ya ce ta zo. Da gangan ta yi. Ƙaurin gasasshen naman da ya kama bangon tashar ya tare ta kamar kullum, ta toshe hanci ta wuce. Shekara bakwai rabonta da nama da madara da ƙwai, har zuma ba ta lasa, takalman fatarta ma tuni ta rabar. Abin da ya fito da ita da wuri yau shi ne ta ga da idonta abin da tsohon nan yake zuba mata a ƙarƙashin fata.

A bayanta, daga kafaɗa zuwa ƙugu, akwai zanen saniya kwance cikin ganyen kabewa. Shekara huɗu Malam yana zana ta da hannu, da allurai ɗaure a bakin siririyar gora. Komai ya kammala sai idanu, don su ake sawa a ƙarshe, kuma yau ce ranarsu. Matsalar ita ce idan malami ya ajiye aiki, babu wani mai zanen da zai ɗora hannu a kai. In ta ɓata masa rai, da makauniyar saniya za ta ƙare rayuwarta.

Sai da aka gama shata zanen a shekarar farko sannan ta ji yadda ake haɗa tawadar gargajiya: kunkunniya ce ake cuɗawa da danƙon da aka dafa daga fatar shanu. Saniya, da fatar 'yar uwarta! Ranar ta yi kuka a gabansa har da majina. Bai rarrashe ta ba, don ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, "Ki dawo bayan wata takwas." Da ta dawo ya nuna mata wata kwalba ya ce babu dabba a ciki, ita kuma ta kwanta. Shekara uku tana kwanciya hankali kwance, sai ran Lahadin nan da ta je gidan wanka da Tomoe, ƙawarta da suke da gidan abinci tare.

"Juyo mu gani," in ji Tomoe tana cuɗa mata baya. "Ina tsohuwar tawadar ta tsaya, ina sabuwar ta fara?"

"Ina zan sani? Ido gare ni a ƙeya?"

"To ni mai idon ban ga komai ba. Baƙin iri ɗaya ne sak. Ke, tawadar kwalba ba ta taɓa kama fata irin ta gargajiya, je ki tambayi kowa. Tsoho ɗan shekara saba'in ne zai canza hannu don kin yi kuka? Kina kife kamar murfin tukunya, me za ki gani?"

Tomoe irin mutanen nan ce da ke karanta bayan kwalin gishiri, kuma sau da yawa zarginta kan fito gaskiya. Tun daga ranar bayan Sawako yake mata ƙaiƙayi.

Ɗakin Malam yana saman wani shagon aski. Ta cire takalmi tun daga ƙasa ta hau a hankali, tana jin haushin kanta, tana kuma ci gaba da hawa. Kafin ta kai ƙofa ta jiyo sautin: ƙur, ƙur, ƙur. Ta san shi tun shekarar farko. Ta ja ƙofar ba ta ko ƙwanƙwasa ba.

Ga shi nan durƙushe a kan tabarma, yana goga curin tawadar gargajiya a kan dutse, ruwan ya yi baƙi ƙirin.

Ya ɗago ya dubi agogon bango, sannan ya dube ta. "Kin yi sammako."

"Malam, wannan fa?"

"Tawada."

"Na ga tawada ce. Ta wa?"

Ya nuna farar takardar da ke gefensa da gemu, da burushi a kai. "Kowace safiya sai na motsa hannu a takarda kafin in taɓa mutum. Ko takardar ma ta daina cin nama?"

Da a ce wata rana ce da ta yi dariya. Yau sai ta ji kamar amsar a shirye take tun tuni. Ta dubi kwalbar da ke kan kantar ɗakin, ta ga kamar ba ta ragu ba tun watan jiya. Ta dubi 'yan kofunan da ake zuba tawada, duk a wanke a kife. Komai tsaf, kuma tsaftar ce ma ta ƙara tayar mata da hankali.

"Malam, a gafarce ni," in ji ta. "An ce mini baƙin nan ba shi da bambanci da na farko, kuma tawadar kwalba ba ta yin haka. Ina so yau in ga ana zuba ta. A ajiye mini madubi kuma."

Ya ajiye curin a gefen dutse, ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

"Madubi," ya ce.

Sai ya miƙe ƙafarsa ta hagu ya naɗe wando har sama. Jikinsa duk zane ne, aikin malaminsa, ya koɗe da shekaru. Amma a cikin cinya babu dodo babu fure, sai 'yan ɗigon baƙi masu kusurwa huɗu, jere sahu-sahu kamar gidajen kalanda, kowane da lamba a ƙasansa.

"Nan kaɗai ya rage mini fari," in ji shi. Ya ɗora yatsa. "Wannan ta koma shuɗiya. Wannan ta watse. Wannan mako biyu ban taka ƙafa ba saboda kumburi. Nan na fara gauraya biyu, nan uku. Talatin da ɗaya ne, ƙirga in kina so. Ta ashirin da shida ce a bayanki. Biyar ɗin ƙarshe don in tabbatar ne."

Wata takwas, ashe a jikinsa yake gwada tawadar da babu dabba a ciki. Ita da ta ɗauka fushi ya yi ya kore ta.

Kunya ta rufe ta, irin wadda ke sa kunnuwa zafi. Ta zube a tabarma ta kai goshi ƙasa. "Malam, na yi wauta. Don girman Allah a yafe mini. Ba na son madubin."

"Ba laifi ba ne mutum ya tambayi abin da ke shiga jikinsa," ya ce yana sauke wandon. "Da kin zo ƙarfe goma kin tambaya, da na nuna miki."

Ta tashi ta fara ɓalle maɓallin rigarta da sauri, don ta kwanta kafin ya sake magana.

"Bar rigarki."

"Malam…"

"Ido ba a sa shi da ɓacin rai. Yadda aka sa shi haka zai yi ta kallon mutane." Ya ɗauki allurai ya naɗe su a cikin ƙyalle, ya ɗaure. "Ki je gida."

"Yaushe zan dawo?"

"Zan kira ki."

Ta yi godiya, ta sunkuya sau uku, ta fita da baya. Tana saukowa ta ji ɗan sanyi a ranta, ai dai bai ce kada ta dawo ba. A ƙasan matakala ta sa takalmi, ta ciro wayarta ta ƙara mata sauti har ƙarshe don kada kiran ya wuce ta. Tana riƙe da wayar ne ta tuna cewa duk shekara huɗun nan a guntuwar takarda yake rubuta mata ranar dawowa. Bai taɓa karɓar lambarta ba.