Safar Auren Belma

Shekara tara muna tuƙa tirela ɗaya ni da Zijad, muna kwasar katako daga Travnik mu kai bakin teku, wani lokaci har Italiya. In ina kan sitiyari, shi yana gefe yana saƙa. Ya fara ne tun ranar da likita ya raba shi da sigari. Cewa ya yi in bai ba yatsunsa aiki ba, wuyan wani za su shaƙe. Ƙato ne mai gashin baki kamar tsintsiya, kibiyoyin saƙa biyar ɗin nan a hannunsa sai ka ce tsinken sakace. A layin boda direbobi har saukowa suke yi su leƙa tagarmu.

"Kaka, a saƙa min hula mana!"

"Kawo kan in auna," in ji shi, "in dai akwai abin da za a rufe a ciki."

Abin ya tashi daga wasa ne lokacin da aka sa ranar auren 'yarsa Belma. A gidansu, duk yarinyar da za a kai ɗaki, mahaifiyar Zijad ce ke saƙa mata safar ulu mai ja da fari. Tsohuwar ta rasu shekara biyu kafin nan, ba abin da ya rage na aikinta sai safa ƙafa ɗaya da aka tsinta a ƙasan akwati. Belma ta ce ba komai, za ta sa ta kanti, amma da ta faɗa ba ta kalli ubanta ba. Inna Zumreta kuwa, ƙanwar marigayiyar, ba ta ɓoye nata ba.

"Saƙar ta bi mai ita," in ji ta. "Ni da muka tashi ɗaki ɗaya ban iya ba, balle direban katako."

Zijad ya cusa safar a aljihun rigarsa muka kama hanya, saura mako uku.

Zanen bai ba shi wahala ba, ƙirga shi ya yi ido-ido. Abu biyu ne suka gagare shi: samun jan zare irin nata da saƙa dunduniya. A Trieste ta Italiya muka shiga wani katafaren kanti, zare tun daga ƙasa har rufi. Yarinyar da ke wurin ta riƙe safar da yatsa biyu, ta duba kwamfuta, ta kawo mana ja har kala shida, kowanne yana sheƙi kamar leda. Da ya tambaye ta dunduniya sai ta ce ita ba ta saƙa. Ya sayi wanda ya fi kusa. Sau huɗu yana saƙa dunduniyar yana warwarewa, har zaren ya fara tsigewa.

"Zijad, ka haƙura mana," na ce masa. "Wa zai duba ƙafar amarya?"

"Ba ka san Inna Zumreta ba, Fikret. Tuƙa motarka."

Saura kwana shida muka tsaya Livno shan mai da rana. Matar gidan man ta ga abin da ke hannunsa ta ce mu gangara bayan kasuwa mu tambayi Anka. Shagon yana tsakanin mai burodi da mai gyaran takalmi, in mutum uku suka shiga na huɗu sai ya jira a waje. Warin tumaki da ƙamshin gahawa ne suka tare mu. Anka 'yar tsohuwa ce, tabarau a kan hanci. Ta karɓi safar, ta juya cikinta waje, ta kai hanci ta shinshina.

"Wa ta saƙa wannan?"

"Mahaifiyata ce, Iya. Ta rasu," in ji Zijad.

"Allah ya ji ƙanta, tana da hannu. Wannan jan ba na kamfani ba ne, da saiwa ake rina shi." Ta durƙusa ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin teburi. Ta ce wata mata ce a ƙauyen kan dutse take kaɗa mata shi, ita kaɗai ta rage mai yi. Da ta ɗora ƙullin zaren a kan safar, sai da na matso kafin in gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Sannan ta ce ya nuna mata nasa aikin. Tana gani ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ɗana, kai kana lanƙwasa dunduniya tun kana tafiya. Ita ba haka take yi ba. Daga yatsu take farawa, ta wuce sumul kamar jaka, ta bar baƙon zare a inda dunduniya za ta zauna. Sai ta gama ta dawo ta zare shi, bakin ya buɗe, ta saƙa dunduniyar a ƙarshe. Zauna."

Ya zauna a kan wata 'yar kujera da ba ta kai rabinsa ba. Na sayo burek, wani burodi mai nama a ciki, a maƙwabta ina ci ina kallo. Sau biyu tana bugun bayan hannunsa tana cewa ya sassauta, zare ne ba igiyar ɗaure katako ba. Bayan awa ɗaya ta duba ta ce, "To, yanzu kai ɗanta ne. Tashi ka ba ni wuri, ina da masu saye."

Tun da nake tuƙi ban taɓa lallaɓa mota kamar a wannan tafiyar ba. Kowace kwana sai na rage gudu, na baya suna ta danna min oda. Ƙafar farko ya gama ta a tashar jiragen ruwa ta Split muna jiran a sauke kaya, ta biyu kuma muna hawan dutsen Kupres a hanyar dawowa. Ya ɗaga su sama yana ihu kamar wanda ƙungiyarsa ta ci ƙwallo.

Ranar biki da hantsi, tsakar gida cike da mata, Belma ta fito ta zauna, ta ɗan ɗage rigarta za ta sa takalmi, safar ta bayyana. Inna Zumreta ta daka tsawa.

"Tsaya! Ciro min wannan."

Belma ta cire ƙafa ɗaya ta miƙa mata. Inna Zumreta ta juya safar, ta ja dunduniyar, ta kai ta kusa da ido, ta daɗe tana dubawa.

"A ina aka samo? Yayata ta bar wata ne ban sani ba?"

"Baba ne ya saƙa, Inna," in ji Belma. "A mota."

Tsohuwar ta ɗago ta dubi Zijad. Ta durƙusa da kanta, da ciwon gwiwarta, ta mayar wa amarya safar a ƙafa. Da ta miƙe sai ta kamo kunnensa a gaban kowa ta jawo kansa ƙasa ta sumbaci goshinsa.

"Jikata Ajla za ta yi aure a lokacin kaka," in ji ta. "Ƙafarta ta fi wannan girma, ka sani tun yanzu."

Mata suka kwashe da shewa, mai akodiyan ya saki kiɗa. Zijad ya jefa min kwat ɗinsa ya faɗa tsakiyar da'ira, ya riƙe Belma a dama, Inna Zumreta a hagu. Rawar da ya taka ranar, sai da kofunan gahawa suka yi ta kaɗawa a kan teburi.