Harawar da Baba Mikail Ya Hana

"Kwance damin, Kellu. Ba bakinsa nake so ba, tsakiyarsa."

Kellu ta durƙusa a tsakar gidan maƙwabcinta ta warware igiyar. Baba Mikail yana jingine da bango, ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Shekara arba'in masu kiwo a unguwar Abbaganaram suna kawo masa harawa ya duba kafin su zuba wa dabba. Ita kuwa tumaki biyu ta rasa cikin mako guda, saura uku, kuma da su take riƙe da marayunta.

Ya karɓi tsinke ɗaya ya karya. Bai yi ƙara ba, lanƙwashewa ya yi. Ya murza ganyen a tafinsa, ya kai hanci.

"A ina kika saya?"

"Kasuwar Gamboru, Baba. Kore shar na gan ta."

"Daga waje. Wannan ta sha ruwan ambaliya, aka shanya, aka naɗe ta da sabuwa. Dubi furfurar nan, fumfuna ce, ita ke kashe miki tumaki."

Ya sake shaƙa don ya tabbatar. Wata baƙar ƙura ta tashi, tari ya sarƙe shi, har jini ya ɗiga a gaban rigarsa.

'Yarsa Bintu ta fito daga madafi a guje.

"Haba Ya Kellu! Likita ya ce ƙurar ciyawa ce ta cinye masa huhu. Kika kawo masa har gida?"

Kellu ta janye damin gefe. Wallahi ba ta sani ba.

"Ƙyale ta," in ji shi da ƙyar. "Ni na aika a kira ta. Kellu, ƙona ta duka. Kada tausayin yunwar tumakin ya ja ki. Ki jiƙa musu dusa tukuna."

Daga ranar bai ƙara fitowa tsakar gida ba. Ta katanga Kellu take jin tarinsa, kullum yana ƙara nisa. Ranar Laraba bayan La'asar ta ji shiru, sannan salatin Bintu.

Da aka fita da makara, Kellu ta janyo dammunan harawar da ta jibge a bayan ɗakinta ta cinna musu ashana. Sun ƙi kamawa sosai, sai hayaƙi mai kauri. Tumakin uku suka matso daga turke iya tsawon igiyarsu, suka tsaya suna kallo.